Inji Ya Buga a Hanya: Yadda Za Ka Gano Abin da Ya Kashe Shi

Duk motar da aka jawo mana Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, aka ce injinta ya buga, tun ba a kwance igiyar ja ba mai ita ya fara tambayar kuɗin injin hom-yus, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje. Ban ga laifinsa ba. Motar ce abincin gidansa, kuma kowace rana ta kwana a gareji asara ce. Amma ina roƙon 'yan'uwana direbobi da masu motoci na Aboabo da Asawase da Tafo da sauran zangonninmu, da yaran da ke koyon aiki a hannunmu, a riƙa ba bincike yini guda kafin a taɓa aljihu. Ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa abin da ya kashe inji yana nan maƙale a jikin motar bayan an sauke injin: lagireto da ya toshe, tiyo da ya tsage, bututun iska cike da mai, fitilar gargaɗi da aka cire wa ƙwai. Idan ka ɗora wani injin a kan wannan, shi ma zai bi sahun na farko, wani lokaci tun bai kai Techiman ba.

Aikina galibi a kan motocin haya ne, Sprinter da Urvan da Hyundai masu zuwa Tamale da Bolga da Wa, sai taksin cikin gari. Tsarin da zan faɗa shi nake bi a kansu, kuma ya shafi na fetur da na dizal duka.

Da farko a zare makulli a sa a aljihu. Kada a sake murɗa shi don a ji ko za ta tashi, kada a tara samari su tura, kada a ɗaure ta da wata mota a ja a saki kuloci. Idan ruwa ne a cikin silinda, murɗawa ɗaya tana iya lanƙwasa kwanrod, sandan da ke haɗa fistin da karanshaf, wanda bai lanƙwashe ba tukuna. Idan mital ne ya kama, wato siririn ɓawon ƙarfen da karanshaf ke juyawa a cikinsa, ƙarfin turi zai ƙara cin karanshaf ɗin da da ana iya gurzawa a ceto shi. Kada kuma a juye baƙin mai a gefen titi, ko a cika lagireto da ruwa, ko a wanke injin. Duk waɗannan shaida ce, kuma wanda zai bincika yana bukatar ganin su yadda suke.

Sannan a zauna da direba. Wannan zaman ya fi kowace sifana amfani, amma sai an san yadda ake yin sa. Direban haya yana tsoron mai mota, yana tsoron a ce sakacinsa ne a cire masa a albashi ko a karɓe makulli. A gaban maigidansa ba abin da zai ce sai "kawai tsayawa ta yi". Don haka nakan ce wa mai motar, "Alhaji, a yi mana haƙuri a ɗan huta a inuwa, zan kira ka." Sai in ja direban gefe in ce, "Ɗan'uwa, ba mai laifi nake nema ba, ka faɗa mini abin da kunnenka ya ji da abin da hancinka ya shaƙa a minti biyar na ƙarshe." Yawanci a nan zai sauke ajiyar zuciya ya ce, "Masta, gaskiya tun daga Kintampo nake jin wani ƙara." Idan akwai yaron mota a tambaye shi shi ma, domin yana zaune kusa da ƙofa kuma yakan ga hayaƙin da direba bai gani ba.

Ga yadda nake auna abin da suka faɗa. Ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji, wadda ke ƙaruwa idan an taka mai, sannan motar ta mutu, wannan hanyar baƙin mai ce. Mota ta rasa ƙarfi a hankali a kan hawa, irin hawan dutsen Mampong da cikakken lodi, ga warin ƙuna ga tururi, wannan zafi ne. An ratsa ruwa ta mutu a tsakiya ko jim kaɗan bayan fita, ruwa ta sha. Ƙara guda mai ƙarfi ba tare da wani gargaɗi ba, wani ƙarfe ne ya karye a ciki. An ajiye ta lafiya da dare, da asuba ta ƙi juyawa, ko dai wani abu mai ruwa ya tsiyaya cikin silinda, ko kuma matsalar ba ta inji ba ce sam. A kuma tambayi yaushe aka canza mai, wa ya canza, da wane aiki aka yi wa motar a makonnin baya. Inji da ya buga kwana biyu bayan sabis, a fara duba inda hannu ya taɓa.

Yanzu a tabbatar injin ya kafe da gaske. Ba kowace motar da ta yi "ƙas" ta yi shiru ce ta buga ba. Batir mai lafiya yana nuna volt 12.6 ko kusa da haka a mita idan yana hutawa, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da wajen 9.6 lokacin murɗa makulli ba. Kan batir da ya ci gishiri ko wayar ƙasa da ta saki suna kawo irin wannan shirun. Hanyar da ba ta ƙarya ita ce hannu. A sa giya a firi, a cire kan batir, a sa soket da dogon hannu a kan notin fulin karanshaf a gaba, a juya ta inda injin ya saba juyawa. Inji mai lafiya zai yi tauri ya saki, ya yi tauri ya saki, har ya zagaya. Idan ya ƙi, kada a ƙara bututu a hau da ƙafa. A sauke fambel a sake gwadawa, domin altaneta ko kwamfiresan sanyi ko famfon sitiyari idan ya kafe yana iya riƙe injin gaba ɗaya. A kwance kik, na'urar da ke tayar da inji, a ajiye gefe, domin haƙorinsa kan cije a jikin filawil. A sa yaro ya taka kuloci har ƙasa a sake gwadawa: idan ya juya a lokacin, giyabos ne ya kama, injin bai san komai ba. Na ga motar da aka riga aka yi cinikin injinta, ashe altaneta ce kawai ta kafe.

Yadda ya ƙi juyawar ma magana ce. Wanda ko motsi ba ya yi ta kowane ɓangare, ƙarfe ne ya manne da ƙarfe, mital ko fistin. Wanda ya tafi kaɗan ya daki abu mai tauri, aka mayar baya kaɗan ya sake dukan wani, akwai abin da ya tokare a ciki, bawul ko guntun ƙarfe. Wanda ya tafi ya yi tauri a hankali kamar yana matsa wani abu, ruwa ne a saman fistin. Mayarwa baya a yi ta kaɗan kawai, don kada sarƙa ko bel ɗin taimin ya tsallake haƙori. Wanda kuma ya kafe a hanya amma ya saki bayan ya huce, kada a yi murna a tayar da shi a tafi. Zafi ne ya kama shi, kuma ya bar tabo a bangon silinda.

Daga nan sai baƙin mai, kuma a nan nake daɗewa, domin mafi yawan injinan da ke zuwa mana a nan ajalinsu yake. A zare ma'auni a duba. Idan busasshe ne, tambaya ta gaba ita ce ina man ya tafi. A leƙa ƙarƙashin mota tun daga gaba har baya. Idan man ya fesu ya wanke ƙasan motar har zuwa tayoyin baya, a hanya ya zube kuma da sauri. A duba notin juye mai ko yana nan, a duba filta. Akwai kuskuren da ake yawan yi wajen sabis: robar tsohuwar filta ta maƙale a jikin inji, a ɗaura sabuwa a kanta, roba biyu su haɗu. Za ta riƙe a gari, amma da an hau babbar hanya mai ya yi zafi sai ta fashe, man ya ƙare cikin 'yan mintuna. A duba makunnin fitilar mai da tiyon tobo (na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji), su ma suna fashewa. Idan ƙasan motar a bushe yake amma ba mai a ciki, to injin ya daɗe yana shan sa, kuma bakin salansa zai nuna baƙin maiƙo. Kumasi zuwa Tamale kusan kilomita 380 ne. Inji mai shan mai da ba a duba shi a tasha ba yana iya ƙarar da abin da ya rage kafin a isa.

Idan man ya wuce alamar sama, wani abu ya shiga cikinsa. A shafa a yatsa a shinshina. Mai tsinkakke mai warin dizal ko fetur, nozul (mai fesa dizal ko fetur a inji) ne ko famfonsu ke zuba, kuma mai da ya tsinke haka ba ya iya raba ƙarfe da ƙarfe. Mai da ya koma launin shayi mai madara, ruwa ne, daga gasket ɗin kai ko daga kular mai da ta ɓule. A tari man a kwano mai tsabta a fita da shi rana a karkata. Idan yana ƙyalli, a ja maganaɗisu a ciki. Abin da ya bi maganaɗisu ƙarfe ne, daga karanshaf ko kamshaf ko ringi. Abin da ya ƙi bi kuma launinsa jaja-jaja, mital ne ya cinye har ya kai ga tagullarsa. Wanda yake launin toka mai haske kuma shi ma ya ƙi bi, galibi alminiyam ne na fistin, ko da yake wasu mital na zamani ma suna da shi. A yanka filta a buɗe takardarta a shimfiɗa, amma da almakashin kwano, kada a sa zarto, domin zarto zai zuba nasa garin ƙarfen ya rikita maka shaida.

Fitilar mai tana bukatar a yi mata magana ta musamman, domin da yawa daga direbobinmu sun ɗauka tana nufin "ka ƙara mai idan ka isa tasha". Inji da ke gudu a hanya ƙarfin tura mai a cikinsa yakan kai bar 2 zuwa 4 ko fiye (bar ma'aunin matsi ne). Makunnin fitilar kuwa a yawancin motoci ba ya kunna ta sai ƙarfin ya faɗi ƙasa da rabin bar. Wato lokacin da ta kama ja, mital ya kusa fara gogar karanshaf, kuma abin da ya rage daƙiƙoƙi ne. Ratar da ke tsakanin mital da karanshaf ba ta wuce 0.02 zuwa 0.05 na milimita ba, ko kusa da haka, kuma siririn man da ke cikin wannan ratar shi kaɗai ke ɗauke da duk dukan fistin. Don haka a kunna makulli ba tare da murɗawa ba a duba dashbod: fitilar mai dole ta kama. Idan ba ta kama ba, ƙwan ya mutu ko an cire shi ko an yanke wayar. Abin yana ɓata mini rai ƙwarai idan na tarar an liƙe ta da baƙin tef don kada mai sayen mota ko fasinja ya gani. Wanda ya yi haka ya ci amanar duk wanda zai riƙe sitiyarin bayansa.

Akwai kuma injin da ke cike da mai har alama, man ma sabo, amma mital ya ƙone. A nan sai an sauke kaskon ƙasa. A fara duba kaskon kansa daga waje: hanyoyinmu na ƙauye masu duwatsu sukan loɓa shi ya matse bakin rariyar da famfo ke zuƙo mai ta ciki. Sannan a duba rariyar. Abin da na fi tararwa a jikinta uku ne. Ko baƙin laka na mai da aka bari ya wuce lokacinsa ko mai na jabu da ake ɗurawa a tsofaffin galan. Ko zaren gam na silikon, wanda wani ya lafta da yawa wajen ɗaura kasko ko murfin sama, rarar ta tsinke ta faɗa ciki. Ko kuma ƙananan tsakuwoyin gawayi masu tauri. Wannan na ukun ya shafi injinan dizal waɗanda nozul ɗinsu ke zaune a ƙarƙashin murfin sama, irin 1KD da ke cikin Hilux da Hiace: idan washar tagulla da ke ƙarƙashin nozul ta saki, hayaƙin ƙuna yana hawowa ya dafa man ya zama gawayi, gawayin ya gangara ya toshe rariya. Wanda bai san wannan ba zai canza mital da karanshaf ya bar washar yadda take, aikin ya dawo. A kuma duba bututun rariyar ko ya tsage ko robarsa ta bushe, domin famfo zai riƙa zuƙar iska maimakon mai. A ƙarshe a buɗe famfon kansa a duba haƙoransa da ɗan bawul ɗin da ke rage ƙarfi, ko ya maƙale a buɗe.

Idan an kwance mital, kada a zuba su a kwano ɗaya. A samu kwali a jera su bisa lambar silinda, na sama daban na ƙasa daban, domin a jeren ne labarin yake. Duka sun ƙone, karanshaf ya yi shuɗi, mai ya yanke tun daga tushe: ba mai, ko rariya, ko famfo. Waɗanda suka fi nisa da famfo sun fi ƙonewa, ƙarfin man ne ya yi ƙasa na tsawon lokaci, kuma a irin wannan a duba kamshaf a sama, shi ma yana can ƙarshen layi kuma yakan kafe a mazauninsa. Guda ɗaya tak ya ƙone sauran fes, a bi ramin man da ke ciyar da shi ko ya toshe, a kuma tuhumi aikin da aka yi a baya: murfin kwanrod da aka juya, noti da aka ɗaure da ƙiyasi ba da sifanar awo ba, ko babban mital da aka musanya na sama da na ƙasa. Na saman shi ne mai rami da kwari inda mai ke shigowa. Idan marar rami ya hau sama, ya rufe hanyar ke nan. Mital mai zane-zane da ƙwayoyin yashi a nutse a jikinsa, datti ne, kuma yawanci karanshaf ne da aka gurza aka rage masa milimita 0.25 ko 0.50 aka ɗaura ba a wanke ramukansa da buroshi da iska ba.

Zafi kuwa binciken sa ya fi sauƙi, amma yana da tarko guda. Direba zai rantse allurar zafi ba ta hau ba, kuma yana iya zama gaskiya ya faɗa. Idan tiyo ta fashe ruwa ya zube gaba ɗaya a lokaci guda, ma'aunin zafin ya rasa ruwan da zai auna, allurar tana iya ɗan hawa ta dawo ƙasa alhali injin na ƙonewa. Don haka kada a wanke zafi daga zargi saboda allura. Bayan injin ya huce sosai a buɗe lagireto. A bi tiyo ɗaya bayan ɗaya har ƙananan da ke bayan inji, a duba farin tabo ko jan tsatsa inda ruwa ya bushe. A juya fanka, a gwada ta da wuta idan ta lantarki ce. A girgiza famfon ruwa, idan an cire shi a duba fukafukansa, domin ruwan rijiya da ruwan leda da muke ɗurawa maimakon ruwan sanyaya inji suna cinye su da tsatsa har su zama ba abin da suke turawa. Murfin lagireto ma a duba shi. Yana riƙe matsi na wajen bar 1, kuma wannan matsin ne ke hana ruwa tafasa a digiri 100. Robarsa ta mutu, ruwa ya riƙa gudu a hankali ba a sani ba.

Ina da ra'ayi a kan cire tamostat (bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan ya yi zafi), wanda ya zama al'ada a wurinmu da hujjar cewa ƙasarmu da zafi. Ban yarda da shi ba. A injina da yawa tamostat ɗin idan ya buɗe hanyar lagireto yana rufe wata gajeriyar hanya ta cikin inji. Idan aka cire shi, wani kaso na ruwan sai ya riƙa zagayawa ta gajeriyar hanyar bai je ya huce ba. Idan ya lalace a sa sabo. A gwada tsohon a ruwan zafi, yawancinsu suna fara buɗewa tsakanin digiri 80 da 90, kuma lambar tana rubuce a jikinsa.

Abin da zafi ke yi shi ne, alminiyam na fistin yana kumbura kusan ninki biyu na ƙarfen silinda, ratar da ke tsakaninsu ta ƙare, ya manne. Fistin da aka ciro zai faɗi ƙarin bayani. Gurzuwa a kusurwa huɗu, gefe da gefen ramin fil, zafi ne ya yi yawa. Gurzuwa a fuska biyu na ƙasan fistin a injin da bai daɗe da garambawul ba, an matse ratar wajen huda silinda. Bakin ringi biyu sun yi ƙyalli inda suka haɗu, ba a bar musu isasshen gibi ba, suka kumbura suka tokare. Saman fistin guda ya narke ko ya ɓule sauran lafiya, a kai nozul ɗin wannan silindar wurin gwaji, yana zubar da mai maimakon fesawa. Kada a mayar da waɗannan nozul ɗin a wani injin ba a gwada su ba.

Sai maganar ruwa. Da damina, musamman daga Mayu zuwa Yuli da kuma Satumba zuwa Oktoba, idan rafin Aboabo ko Subin ya cika ya hau titi, washegari mun san abin da za a jawo mana. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Ɗauki injin dizal mai lita 2.5 da silinda huɗu: kowace silinda cc 625 ce, kuma idan matsinsa 20 ne bisa 1, wurin da ya rage a saman fistin idan ya kai ƙololuwa bai wuce cc 33 ba. Cokalin cin abinci biyu da ɗan ɗori ke nan. Ruwan da ya wuce haka ya isa ya tsayar da injin ko ya lanƙwasa kwanrod. A buɗe gidan filtar iska: takarda jiƙaƙƙiya ko laka a ƙasan gidan ta gama ba da amsa. A cire fulogi duka, ko nozul ko hita (fulogin da ke ɗumama silinda kafin tayarwa) a na dizal, a yanke wuta da mai, a juya da hannu. Abin da ya fito a duba shi. Ruwan laka, na titi ne. Kore ko ja ko mai tsatsa irin na lagireto, gasket ne ko kan inji ya tsage, kuma shi ne mai cika silinda da dare. Fetur ko dizal, nozul ne ya tsaya a buɗe, kuma a nan a nisanta da wuta da taba da duk abin da ke tartsatsi. Kada a bar inji da ruwa a ciki ya kwana biyu, tsatsa za ta kama ringi. Ko ya tashi bayan an busar an canza mai, a auna matsin kowace silinda. Wadda ta yi ƙasa da 'yan'uwanta, a buɗe kai a gwada tsawon hawan fistin. Kwanrod da ya ɗan lanƙwashe yakan yi aiki na makonni sannan ya karye ya fasa bulok.

Na karyewar ƙarfe ba ya ɓuya. A buɗe murfin taimin a ga bel ko sarƙa. A injina da yawa idan bel ya tsinke fistin yana dukan bawul, kan bawul ya karye ya faɗa ciki. Fulogin da bakinsa ya daku ya nuna silindar da abin ya faru. Noti da ya kuɓuce wa wani ya faɗa bututun iska, ko kan hita da ya gutsure, duk haka suke yi.

Akwai wani nau'i da ya kamata direban dizal mai tobo ya sani tun kafin ya same shi. Idan tobo ya saki mai cikin bututun iska, injin yakan koma cin baƙin mansa, ya yi ta ruri da hayaƙi mai kauri, a kashe makulli ya ƙi mutuwa, har sai man ya ƙare ya buga. Maganinsa a lokacin shi ne a taka birki a sa babbar giya a saki kuloci, ko a toshe bakin iska da katako, kada a kuskura a sa tafin hannu. Bayan ya faru, a kwance tiyon da ke tsakanin tobo da inji a duba man da ya taru.

Idan an gano dalili, sai a yi shawarar gyara ko canji, kuma wannan lissafin kuɗi ne tsakaninka da makanikenka. Karanshaf da ya yi shuɗi sosai ko bulok da ya fashe ba sa bukatar dogon tunani. Wanda mital ɗaya ya ci kaɗan ana gurza shi a ci gaba. Idan canji ne, a juya injin da za a saya da hannu a wurin mai sayarwa, a nemi a sauke kaskonsa a ga rariya kafin a biya. Sannan duk abin da zai koma daga tsohuwar motar a bi shi ɗaya ɗaya. Kular mai da garin ƙarfe ya ratsa a canza ta, wanki ba ya fitar da shi duka. Kular iska ta tobo da bututunta a wanke a zazzage, domin mai da guntayen ƙarfe suna laɓewa a ciki. Lagireto a kai a buɗe a tsefe ko a sa sabo, da sabon murfi da tamostat. Fitilar mai da allurar zafi a tabbatar suna aiki.

Ranar tayarwa, a cire makunnin fitilar mai a ɗaura ma'aunin matsi mai allura a gurbinsa. A yanke mai ko wuta a murɗa makulli kaɗan-kaɗan har allurar ta motsa, sannan a bar shi ya tashi. A tsaya a kansa har ya yi zafi, tiyon sama ta ɗumama, fanka ta kama ta saki, ana duban allurar a gudun zaune da kuma idan an taka. Direba ya yi kwanakin farko a cikin gari ba cikakken lodi, yana zare ma'auni kowace safiya. Bayan kilomita 1,000 ya dawo a juye man a kwano mai tsabta, a sake yanka filta a shimfiɗa takardarta a rana. Idan akwai ƙyallin tagulla a ciki, a sauke kasko a duba mital kafin motar ta sake ɗaukar fasinja.